Yadda Wake da Nama Ke Zama Jikin Mutum

A ƙasar Galma Kudawace, cikin gundumar Madawa ta jihar Tawa, manomi ba ya barin hatsi shi kaɗai a gona. Idan hatsi ya tashi, sai ya bi layi ya shuka wake a tsakani. Haka ake yi a Buza, haka ake yi a Keita. Da kaka ta yi, rumbu ya samu hatsi, buhu ya samu wake, harawa kuma ta zama rabon awaki da tumaki. Awaki su ba da nono, tumaki su ba da nama. Mahautan Madawa kuwa su yanyana naman sa, su shanya, su tsoma shi cikin labu, su gasa, ya zama kilishin nan da matafiya ke tsayawa saye a bakin babbar hanya.

Duk waɗannan abubuwa cikin mutum suke shiga. To, a nan akwai abin mamaki. Yaro yakan sha nonon akuya shekara da shekaru, amma ba a taɓa ganin ya tsiro da ƙaho ba. Mutum ya ci naman rago tun yana ƙarami har ya tsufa, gashinsa na mutum ne, jininsa na mutum ne. Wake ƴar ƙwaya ce mai tauri, amma shi ke komawa ƙwanjin manomi. Wa ke yin wannan juyi? A ina ake yin sa? Amsar tana da amfani, domin akwai gidajen da rashin saninta ya ci ran yaro.

Duwatsu iri ashirin

Abinci iri iri ne. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar hatsi da dawa da rogo da mai. Akwai mai kare jiki daga cuta, kamar ganyaye da ƴaƴan itatuwa. Akwai kuma mai gina jiki. Abin da ke cikin abinci mai gina jiki, masana suna kiransa furotin. Yana da yawa cikin nama, kifi, ƙwai, nono, cuku, fara, wake da gujiya. Hatsi ma yana da nasa, sai dai bai kai na wake ba. Cikin giram 100 na hatsi akwai furotin kimanin giram 11. Cikin giram 100 na busasshen wake akwai kimanin 23, na gujiya kimanin 25, na ɗanyen nama marar kitse kimanin 20. Ƙwan kaza guda yana da kimanin giram 6.

Furotin kamar sarƙar duwatsun ado yake, irin wadda mata ke zurawa a zare. Duwatsun ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Sunansu asid amine, kuma iri 20 ne. Da waɗannan iri 20 ake jera dubban sarƙoƙi dabam dabam, kamar yadda ƴan baƙaƙe kaɗan ke rubuta dukan kalmomin Hausa. Jerin sarƙar rago dabam, na wake dabam, na mutum dabam. Jikin mutum ba ya iya ɗaukar sarƙar rago ya sa yadda take. Sai ya tsinka zaren, duwatsun su warwatse ɗai ɗai, sannan ya sake jera su bisa nasa tsari. Wannan tsinkawa ita ake kira narkar da abinci.

Cikin duwatsun nan 20, jiki yana iya ƙera 11 da kansa. Sauran 9 kuwa ba ya iya yin su. Dole daga abinci za su zo.

Masu tsinka zaren su ne anzim. Anzim kamar wuƙa take, amma wuƙa ce da ido ba ya gani. Tana yanka nan, ta saki, ta koma can ta yanka, ba ta dakushewa da wuri. Kowace anzim da irin aikinta. Mai narkar da gari ba ta taɓa nama, mai narkar da nama ba ta taɓa mai.

Abin da mai cuku ta sani

Matan Abzinawa da na Fulani sun daɗe suna aiki da anzim tun ba a raɗa mata wannan suna ba. Mai yin cuku takan nemi tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi wanda bai bar shan nono ba. Dabba mai tuƙa cikinta ɗaki huɗu ne, ɗaki na huɗu shi ake so. Sai ta shanya shi ya bushe. Ranar aiki ta jiƙa ɗan guntu, ta zuba ruwan cikin madara mai ɗumi. Kafin wani lokaci madarar ta daskare. Sai ta kwashe, ta shimfiɗa bisa ƴar tabarma, ruwa ya tsiyaye, rana ta busar. Abin da ya daskarar da madarar anzim ce ta cikin tumbin. Ta yanke sarƙar furotin na madara a wuri guda, sauran suka manne da juna. Irin haka ke faruwa cikin jariri. Shi ya sa idan ya yi tumbuɗi, nonon ke fitowa gudaji gudaji.

Tsirrai ma suna da nasu wuƙaƙe. A Benin da Nijeriya matan Fulani suna daskarar da madara da tumfafiya. Mai girki kuma ta san idan aka nannaɗe nama mai tauri cikin ganyen gwanda, yakan yi laushi. Ƙaron gwanda yana da anzim mai tsinka furotin.

Shirwa da mutum mai taga a ciki

A da, masana da yawa suna tsammani tumbi niƙa abinci yake yi kamar dutsen niƙa. A shekarar 1752 wani masani ɗan Faransa mai suna Réaumur ya gwada abin da shirwa. Shirwa takan amayar da abin da cikinta bai narkar ba. Sai ya sa nama cikin ɗan bututun ƙarfe mai ƙofofi, ya ba ta ta haɗiye. Da ta amayar da bututun, ƙarfen bai lanƙwashe ba, amma naman ya fara narkewa. Ashe wani ruwa ne ke shiga yana cin naman.

A watan Yuni na 1822, a tsibirin Mackinac na ƙasar Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta sami wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin a ciki. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa. Saurayin ya warke, amma raunin ya bar ƴar ƙofa da ta bi har cikin tumbi. Ta wannan ƙofa likitan ya riƙa ɗaure guntun nama da zare, ya zura, bayan awa ɗaya ko biyu ya jawo ya duba. Ya kuma ɗebi ruwan tumbin ya zuba a kwalba, ya sa nama ciki. Ya ga idan kwalbar na da ɗumi kamar na jiki, naman yana narkewa, idan kuwa da sanyi, aikin ya tsaya. Ya lura kuma idan St. Martin ya yi fushi, abinci yakan daɗe bai narke ba. A 1833 ya buga littafi kan gwaje-gwajen nan. Shi kuwa St. Martin ya yi aure, ya haifi ƴaƴa, ya rayu har 1880 da ƙofarsa a ciki.

A 1836 wani Bajamushe, Theodor Schwann, ya gano anzim ɗin da ke cikin ruwan tumbi, ya sa mata suna pepsin. A 1876 wani Bajamushen, Wilhelm Kühne, ya raɗa wa wata ta cikin hanji suna tiripsin.

Zango na fari: baki

Yanzu a bi lomar tuwo da miyar wake da ɗan nama, a ga inda za ta. Zangonta na fari baki ne. Babban mutum yana da haƙora 32, yaro ƙarami yana da 20. Su ke tsinka nama, su niƙa wake. Miyau yana jiƙa lomar don ta wuce maƙogwaro da sauƙi. Cikin miyau akwai anzim, amma ta gari ce. Ita ke sa tuwo ya yi ɗan zaƙi idan aka daɗe ana tauna shi. Ba ta yi wa furotin kome.

Duk da haka tauna tana da muhimmanci. Wuƙaƙen ciki daga bayan abinci suke fara ci. Ƙaton guntun nama sai sun daɗe kafin su kai tsakiyarsa. Idan haƙora sun mai da shi ƙanana, sai su kewaye shi ta ko'ina. Yaron da ke haɗiyar loma da gaggawa don kada a cinye akushi, ya bar wa tumbinsa aikin haƙoransa.

Zango na biyu: tumbi

Tumbi jaka ce ta tsoka. Kowace rana yana tsatso ruwa kimanin lita 2. Cikin ruwan akwai asid mai tsami ƙwarai, wanda ya kai na lemun tsami har ya fi. Wanda ya taɓa yin amai ko ƙwannafi ya san ɗanɗanonsa. Asid ɗin yana aiki uku. Yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa da suka biyo abinci. Yana warware sarƙar furotin, domin a dunƙule take zuwa kamar ƙullin zare. Yana kuma tayar da pepsin.

Me ya sa sai an tayar da ita? Dalili shi ne tumbi kansa nama ne. Mahauci yana sayar da shi, ana dafawa a ci, ciki ya narkar. Da pepsin tsirara take fitowa, da ta fara cin wurin da aka ƙera ta. Saboda haka cikin kube ake yin ta. Sai ta fito fili ta gamu da asid, sannan kuben ya cire. Bayan wannan, bangon tumbi yana shafe da wani yauƙi mai kauri wanda ke hana asid da pepsin taɓa shi. Inda yauƙin ya kasa, nan gyambon ciki ke fitowa. A 1982 likitoci biyu na Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zama ƙarƙashin yauƙin. Ita ke jawo yawancin gyambon ciki, kuma tana jin magani.

Pepsin ba ta gama aiki. Tana datsa doguwar sarƙa ta zama guntaye. Tumbi kuma yana ta motsi, yana cuɗa abinci, har ya koma kamar kunu. Wannan yakan ɗauki awa 2 zuwa 4. Abinci mai kitse ya fi daɗewa. A ƙarshen tumbi akwai wata ƴar ƙofa mai tsukewa. Ita ke barin kunun ya wuce kaɗan kaɗan.

Zango na uku: ƙaramin hanji

Ana ce masa ƙarami don siririntarsa, amma tsawonsa ya kai kimanin mita 6, a nannaɗe cikin ciki. Nan ake babban aiki.

A bayan tumbi akwai wata tsoka mai laushi, tsawonta kamar santimita 15. Likitoci suna kiranta pankireya. Tana zuba ruwanta a farkon hanji, fiye da lita 1 kowace rana. Cikin ruwan akwai wani gishiri dangin kanwa. Kowace mai girki ta san kanwa na kashe tsamin miya. Haka wannan gishiri ke kashe tsamin da ya fito daga tumbi. Da tsami ya mutu, pepsin ta daina aiki, sai sababbin wuƙaƙe su karɓa.

Waɗannan ma cikin kube suke zuwa. A jikin bangon hanji akwai wata anzim wadda aikinta kawai ta zare tiripsin daga kubenta. Tiripsin kuma ta bi ƴan'uwanta ta zare su duka. Da haka wuƙaƙen ba sa tashi sai sun iso inda abinci yake. Idan suka tashi tun suna cikin pankireya, sai su fara cinta. Ciwo ne mai tsanani, wanda ke kai mutum asibiti cikin gaggawa. Yawan shan giya yana cikin abubuwan da ke kawo shi.

Kowace wuƙa da gaɓar da take yanka. Tiripsin tana yanka bayan duwatsu iri biyu kawai. Wata tana neman wasu iri. Wata kuma ba ta shiga tsakiya, daga bakin zare take cire dutse ɗai ɗai. A jikin bangon hanji akwai masu cirewa ta ɗaya bakin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin kunun ya yi nisa, sarƙar rago da ta wake sun zama duwatsu warwatse, wasu ɗai ɗai, wasu bibbiyu, wasu uku uku. A nan ba a iya bambanta dutsen da ya fito daga nama da wanda ya fito daga wake.

Cikin hanji ba sumul yake ba. Yana da ƴan tsiro ƙanana masu yawan gaske, kamar gashin bargo, kowanne bai wuce milimita 1 ba. Da za a shimfiɗa su duka, da sun rufe daɓen ɗaki mai mita 5 da mita 6. Su ke tsotse duwatsun su zuba cikin jini. Abin da ya rage ya wuce babban hanji, inda ake tsotse ruwa, saura ya fita bayan gida. Iskar da wake ke sa mutum, a babban hanji take samuwa. Wani irin sukari ne na cikin wake da anzim ɗin mutum ba su iya narkarwa, sai ƙwayoyin halitta na hanji su ci shi su fid da iska. Jiƙa wake da zubar da ruwan jiƙon yana rage ta.

Hanta mai rabo

Jinin da ya baro hanji hanta yake fara zuwa. Ita ce mai rabo. Takan riƙe wasu duwatsu ta jera furotin na jini, ta aika saura ko'ina cikin jiki. Da su ake gina tsoka, fata, gashi da farce. Da su ake yin jan jini, wanda ƙwayoyinsa ke tsufa cikin kwana 120 a sake sababbi. Da su ake sabunta fatar cikin hanji bayan kowane kwana 3 zuwa 5. Da su ake ƙera makaman da ke yaƙi da cuta.

Jiki yana da rumbun mai, wato kitse, amma ba shi da rumbun furotin. Abin da ya yi rara, hanta ta farfasa shi, ƙoda ta fid da dattin cikin fitsari. Saboda haka naman layya da aka ci da yawa kwana uku ba ya isar mutum shekara. Kullum jiki yana son nasa. Babban mutum yana bukatar kimanin giram 0,8 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan yana son kusan giram 50 a yini. Yaro mai girma, da mace mai ciki, da mai goyo, bukatarsu ta fi haka idan aka auna da nauyinsu.

Hatsi yana da ƙarancin wani dutse mai suna lizin. Wake yana da lizin da yawa, amma yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Idan suka haɗu a ciki, kowa ya cika giɓin ɗan'uwansa. Manomin da ya haɗa su a gona da matar da ta haɗa su a tukunya sun yi daidai. Nijar kuwa ba ta rasa wake ba, domin tana cikin ƙasashen da suka fi noma shi a duniya, ita da Nijeriya. Sai dai a dafa shi ya nuna sosai. Ɗanyen wake yana da wani abu da ke riƙe tiripsin ya hana ta yanka, wuta ce ke kashe shi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a riƙe. Su kansu wuƙaƙen ciki, da furotin ake ƙera su.

Yaron da aka yaye

A wani ƙauye kusa da Galma akwai wata yarinya ƴar aji biyar. Tana da ƙane mai shekara ɗaya da rabi. Uwarsu ta samu ciki, sai aka yaye shi rana ɗaya, aka kai shi gidan kakarsu, kamar yadda aka saba. Tsohuwar tana son jikan nan kamar ranta. Amma lokacin bazara ne, rumbu ya yi ƙasa, awaki sun ƙafe. Abin da yake samu shi ne ruwan hura ba nono, da kunu tsararo. Sai zawo ya kama shi ya yi kwanaki. Bayan wannan ya daina wasa. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, kumatunsa da ƙafafunsa suka cika.

Ranar da babu lakwal yarinyar ta je gaishe da kakarta. Ta ɗauki ƙanenta, ta dube shi, ta tuna abin da malam ya koya musu.

Ta ce: "Kaka, ƙafafun nan kumburi ne suka yi."

Tsohuwa ta yi dariya ta ce: "Ke kishiya, tafi can! Don kin ga maigidana ya yi kumatu shi ne kike baƙin ciki?"

Yarinya ta ce: "Don Allah Kaka, ki duba nan."

Ta danna babban yatsa a bayan ƙafarsa, ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ramin bai cika ba. Ta danna ɗaya ƙafar, haka. Ta ce: "Malam ya ce ƙiba ba ta barin rami. Idan ƙafa biyu suka yi haka, tamowa ce, kada a kwana ba a je gidan likita ba."

Tsohuwa ta yi shiru. Ta aika aka kira uban yaron daga gona, aka ɗaura wa jaki amalanke. A gidan likita aka auna yaron, aka ce a wuce da shi asibiti a kwantar. Da suka isa, tsohuwa ta kwance bakin zane ta sayo tsire, don jikanta ya yi ƙarfi da wuri. Malamar asibiti ta hango ta, ta zo ta ce:

"Inna, ki dakata da naman nan tukuna. Cikinsa ba zai iya da shi ba yanzu."

Tsohuwa ta ce: "Ƴata, ba ku kuka ce abinci mai gina jiki ya rasa ba?"

Malama ta ce: "Haka ne, Inna. Amma da ruwan ciki akan ja na rijiya. Abin da zai narkar da naman, shi ma ya ƙare masa. Za mu fara da wata madara marar nauyi, kaɗan kaɗan, dare da rana. Idan cikin ya farfaɗo, sai a ƙara."

Gaskiya malamar ta faɗa. Idan yaro ya daɗe cikin yunwa, pankireya tana rage ƙera anzim, ƴan tsiron hanji kuma su gajarce. Ɗan abin da ya ci ba ya narkewa sosai, zawo ya tafi da shi. Yunwa ta rage wuƙaƙe, ƙarancin wuƙaƙe ya ƙara yunwa. Furotin na jini wanda ke taimakawa wajen riƙe ruwa cikin jijiyoyi shi ma ya ragu, ruwa ya tsiyaya ƙarƙashin fata. Likitocin yau sun san rashin furotin ba shi kaɗai ke kawo wannan ciwo ba. Zawo, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro da rashin wasu sinadaran abinci duk suna sa hannu.

Bayan mako guda kumburin ya saɓe. Sai yaron ya bayyana a rame, ashe ruwa ne ya ɓoye ramar. Ya fara karɓar abinci, ya fara murmushi, aka sallame su da abincin jinya.

Ciwon da ke da tarihi

Wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, ta bayyana wannan ciwo a 1933 lokacin tana aiki a Ankara ta ƙasar Gana. A 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane. Tamowa tana da wata fuska kuma, ta ƙanjamewa ba kumburi. Ita ake ganewa da ɗan ma'aunin nan mai launi uku da ake ɗaurawa a damtse. Idan damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 bai kai milimita 115 ba, ma'aunin ya nuna ja.

A 2004 fari da fara suka ɓata amfanin gona a Nijar. A 2005 yunwa ta tsananta a jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta yi jinyar yara masu tamowa mai tsanani fiye da 60.000 a ƙasar. An ceci da yawa da wani abinci mai suna Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma fara yin sa a Yamai a 2005. Abin da ke cikinsa sananne ne: niƙaƙƙiyar gujiya, garin madara, sukari, mai da bitamin. Magani ne na yaro marar lafiya. Ba a raba shi ga sauran ƴan gida, ba a kai shi kasuwa.

Rigakafi ya fi magani, kuma kayansa suna cikin gida. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, domin shi ya fi kowane abinci sauƙin narkewa a cikinsa. Daga nan a fara ba shi kunu mai kauri, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. A soya hatsi da wake da gujiya sama sama, a niƙa tare, hatsi ya fi yawa, a dama masa. A zubar da gujiyar da ta yi hunhuna, domin tana da guba. A sa masa nono, ko garin ƙuli-ƙuli, ko dakakken busasshen kifi, ko ganyen zogale. Tumbinsa ƙarami ne, saboda haka a ba shi sau 4 ko 5 a yini, cikin ƙwaryarsa shi kaɗai. A wanke hannu da sabulu, don zawo shi ne babban ɓarawon abincin yaro. Wasu suna cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata. Ƙwai ba ya koya wa kowa sata, kuma kaɗan ne abincin da ya kai shi gina jiki.

Ita ma tsohuwar nan da haka ta yarda a da. Da damina ta faɗi, zabinta suka fara ƙwai, takan ware guda kowace safiya kafin ta kai saura kasuwa. Ta dafa, ta murmushe shi cikin kunun jikanta.

Tambayoyi

1. Duwatsun furotin iri nawa ne? Nawa ne jiki ba ya iya yi da kansa?
2. Wane aiki uku asid ɗin tumbi ke yi?
3. Me ya sa ake ƙera pepsin da tiripsin cikin kube?
4. Don me hatsi da wake suka fi amfani idan aka ci su tare?
5. Me ya sa malamar asibiti ta hana a ba yaron tsire?
6. Mutum mai kilo 50, giram nawa na furotin yake bukata a yini?

Aiki

A samo guntun nama biyu masu girma ɗaya. A daddaka ɗanyen ganyen gwanda, a nannaɗe guntu ɗaya ciki, ɗayan a nannaɗe shi cikin takarda mai tsabta. A ajiye su a inuwa awa 3. A buɗe, a taɓa kowanne da tsinke, a rubuta abin da aka gani da Hausa da Faransanci. Kada a ci naman gwajin. A wanke hannu bayan an gama.